Amsoshin Wasiƙunku: Zabo, Fakara da Agwagin Ruwa, Daga Daji Zuwa Akushi

Tun da aka gama girbin dawa, ruwa kuma ya fara janyewa daga fadamun kogin Logon a arewacin Kamaru, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma na tsuntsayen daji. Mun tsamo waɗanda tambayarsu ta fi maimaituwa, ga amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Nakan fita da asuba, kafin hantsi na sami zabi uku ko huɗu. Sai in zuba su a leda in ɗaure a bayan babur, ba na isa gida sai la'asar. Sau biyu ke nan ana fasa ciki a tarar ya yi kore yana wari. Ga shi kuma na ji Turawan da ke zuwa farauta suna cewa a ƙasarsu rataye tsuntsu suke yi kwana da kwanaki da kayan cikinsa. Ni ina kuskurena? (Wani maharbi daga Pitowa)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kuskuren biyu ne: jinkirin fasa ciki, da kuma leda. Jikin tsuntsu ya fi na mutum zafi, yakan kai digiri 41 zuwa 42, ga gashi ya lulluɓe shi kamar bargo, don haka zafin ba ya fita da wuri ko bayan rai ya fita. Ka haɗa huɗu a leda, ka ƙulle baki, ka ɗora kusa da salansa, rana na dukansu tun hantsi. Ɗumin da ƙwayoyin cutar cikin hanji suka fi so ke nan, kuma daga hanjin koren nan yake tasowa ya kama fatar ciki da cinyoyi.

Maganar Turawa gaskiya ce, amma a Faransa da Ingila lokacin sanyi suke farautar, suna rataye tsuntsun a ɗakin da sanyinsa ya kusa na firji. Garwa da ke kusa da ku kuwa a watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ko a tsakiyar hunturu ma rana in ta take ana haura 30. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ka fasa ciki tun a daji, kada a wuce awa ɗaya, in bazara ce rabin awa. Fige gashin da ke tsakanin ƙarshen ƙashin ƙirji da dubura. Ɗaga fatar da yatsu, ka tsaga ta faɗin yatsu uku, kaifin wuƙa yana kallon sama don kada ya huda hanji. Zura yatsu biyu ta ƙarƙashin ƙirji har can sama, ka jawo komai gaba ɗaya, sannan ka yanke zagayen duburar ta fita tare da hanjin. Wurin da yawancin maharba ke mantawa shi ne jakar abincin da ke gindin wuya. Zabon da ya yi kiwon safe za ka tarar da ita cike da tsabar dawa da gara da ɗanyen haki, kuma ita ke fara tsami. Tsaga fatar wuyan, ka ɓare jakar da yatsa ta fito ɗungurungum ba ta fashe ba.

Kada ka wanke cikin da ruwan tafki ko na kududdufi. Goge shi da tsumma mai tsabta, ka tokare shi da ɗan kara ya zauna a buɗe, ka rataye tsuntsayen a inuwa ɗai-ɗai kamar rabin awa su sha iska. Sauran gashin ka bar shi, yana kare nama daga ƙuda da bushewa. A ɗauko su a kwando ko buhun algarara da aka yayyafa wa ruwa. Hanta da ƙundu da zuciya su shiga wani mazubi dabam, bayan ka yanke matsarmama daga jikin hanta da ɗan naman da ke kewaye da ita, domin in ta fashe ɗacin ba ya wankuwa.

In harsashi ya fasa hanji, wannan kam a wanke shi da ruwan shan da ka zo da shi, a goga gishiri a ciki, kuma shi za a fara ɗorawa a wuta ran nan. Wanda ya yi yauƙi, ko koren ya shiga tsoka, ko gashinsa na zubewa da an taɓa, a binne shi. Yaji yana ɓoye wari, amma wasu gubobin da ruɓa ke haifarwa ko tafasa ba ta karya su.

Tambaya: Maigidana yakan kawo zabon daji, in dafa shi kusan awa uku. Ƙirjin sai ya zama zare-zare kamar igiyar rama, cinyar kuma kamar roba. Kazar gida ba ta yi mini haka. Wata maƙwabciya ta ce in jefa kanwa. (Wata uwargida daga Marwa)

Amsa: Uwargida, laifin ba na hannunki ba ne, kin dai haɗa nama iri biyu a tukunya ɗaya kin ba su lokaci ɗaya. Zabon daji wuni yake yana gudu, cinyarsa cike take da jijiya, kuma jijiya ba ta narkewa sai da wuta kaɗan da dogon lokaci. Ƙirjinsa kuwa tsoka ce zalla, babu kitse, minti ashirin ya ishe shi. Duk abin da aka ƙara a kan haka ruwan jikinsa ake matsewa. Ga kuma tafasa mai ƙarfi, wadda ke ƙanƙance nama ta taurara shi.

Kafin ma a je ga tukunya akwai abu biyu. Na farko, tsuntsu yakan sandare jim kaɗan bayan yanka, wanda aka dafa a sandare kuwa sai ya yi tauri komai gwanintar mai girki. In akwai firji, ki bar shi a ciki a rufe kwana ɗaya ko biyu bayan an gyara shi. In babu, ki bari dai gaɓoɓinsa su saki a wuri mai sanyi, ki dafa a ranar. Na biyu, ki duba shekarunsa. Danna ƙarshen ƙashin ƙirji: in ya lanƙwasa kamar guringuntsi matashi ne, zai gasu, zai soyu. In ya tsaya ƙyam, ƙahon kansa ya yi tsawo, ƙafafunsa sun yi kaushi, tsoho ne, na farfesu da miya. A fakara, namijin da ƙayar bayan ƙafarsa ta yi tsawo da tsini shi ma ya kwana biyu.

Ga yadda za ki yi da zabo ɗaya, wanda bayan gyara bai cika kai kilo guda ba. Raba shi: ƙirji gefe, cinyoyi da fukafukai da wuya da ƙashin baya gefe. Narkar da gishiri babban cokali uku a shafe cikin ruwan sanyi lita ɗaya, ki jiƙa naman awa huɗu a firji, ko awa ɗaya a ruwan randa in babu firji. Masu cewa gishiri da wuri na taurara nama ba su gwada wannan ba, jiƙon shi ke sa ƙirjin ya riƙe ruwansa. Tsame, ɗauraye, tsane da tsumma.

Zuba man gyaɗa ludayi ɗaya, ya yi zafi, ki soya cinyoyin da ƙasusuwan su yi ja, kaɗan-kaɗan, kada ki cika tukunyar su koma fitar da ruwa. Ƙirjin ki ba shi minti biyu kowane gefe, ki kwashe ki rufe. A cikin man ki zuba manyan albasa uku yankakku su yi laushi har su fara ja, sannan tafarnuwa ƙwaya biyar, ɗanyar citta kamar babban yatsa, kimba biyu a fashe, kanumfari uku, masoro rabin ƙaramin cokali, attarugu biyu, daddawa ɗaya, da tumatir huɗu in kina so. Mayar da cinyoyin, ki zuba ruwan zafi daidai ya sha kansu. Da ya tafasa ki janye itace, ki bar garwashi, ruwan ya riƙa motsi a hankali yana ɗan ɓulɓulowa nan da can. Awa ɗaya da rabi ga matashi, awa biyu ko fiye ga tsoho. In kin soka cokali mai yatsu ya shige ba gardama, sai ki ɗora ƙirjin a sama, ki rufe, minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ki tsaga mafi kaurinsa ki gani: ruwan da ke fita ya zama garau, babu ja. Kada ki ƙara gishiri sai kin ɗanɗana, naman ya riga ya sha. Man shanu cokali ɗaya a ƙarshe yana mayar masa da maiƙon da daji bai ba shi ba. Romon nan in aka kaɗa masa kuka ko busasshiyar kuɓewa, ko aka sa yakuwa da gyaɗa, da tuwon masakuwa ba a magana.

Kanwa tana sa laushi, maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, amma tana baƙanta nama, ta sa shi santsi, ta kashe ƙamshin dajin da saboda shi aka wahala. In dole ne, ɗan abin da bai wuce ƙwayar gero biyu ko uku ba. Ganyen gwanda ya fi ta: a murza shi, a naɗe cinyoyin awa ɗaya zuwa biyu. In ya wuce haka bayan naman ya dagargaje ciki na nan da taurinsa. Mai tukunyar matsi kuwa, minti talatin ya ishi cinyoyin.

Tambaya: Baba ya kawo agwagin ruwa, kirinjijiya da dinya, daga tafkin Maga. Mun sha wuya wurin figa, fata duk ta yage, da aka dafa kuma ƙarni ya hana yara ci. (Wata ɗaliba daga Yagwa)

Amsa: 'Yata, ruwan da kuka tsoma su ya yi zafi da yawa, tafasasshen ruwa yana dafa fata ne, sai ta biyo gashin. Ga ma'auni ba tare da na'ura ba: ga zabo, tafasasshen ruwa kwano ɗaya, ruwan randa kwano ɗaya, ya ba ku wajen digiri 60 da ɗoriya. A tsoma ana jujjuyawa kamar minti ɗaya, a gwada gashin fiffike, in ya zaro ba ja-in-ja ya yi. Agwagin ruwa gashinsu na da mai, ruwa ba ya ratsa shi, su sai tafasasshe kwano biyu da na randa ɗaya, ana kutsa ruwan cikin gashin da muciya. Kurciya da hasbiya da fakara ba sa son ruwa sam, a bushe ake fige su, tsunkule kaɗan-kaɗan, ana bin inda gashin ya kwanta, babban yatsa na danne fatar kusa da inda harsashi ya huda. Ragowar gashin laushi a babbake shi da harshen wutar kara, ba da leda ko roba ba.

Ƙarni kuwa a fata da kitse yake zaune, musamman ga tsuntsun da ke kiwo a taɓo. A saman gindin bindi akwai wani ɗan tsiro mai kitse, inda tsuntsu ke lakato man da yake shafa wa gashinsa. A yanke shi da ɗan zurfi a yar. A ƙwaƙule huhu da daskararren jinin da ke manne a ƙashin baya. In an shinshina kitsen aka ji ƙarnin kifi, a feɗe fatar baki ɗaya, an ma huta da figa. Daga nan a jiƙa a kindirmo da dakakkiyar citta da tafarnuwa, kwana ɗaya a firji, ko awa biyu in babu. Tsohuwar dinya, wadda namijinta kan haura kilo biyar, a fara tafasa ta minti biyar da albasa, a zubar da ruwan farko.

Wani abu game da dinya: a wasu wurare takan ci ƙwaron nan mai sa bororo a fata, gubarsa ta zauna a namanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. In an ga irin ƙwarin a jakar wuyanta ko a ƙundu, a haƙura da ita. Wanda ya ci ya ji bakinsa na ƙuna ko fitsari na yi masa zafi, ya tafi asibiti.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara huɗu ya tauna ƙwayar harsashi a naman fakara. Akwai illa? (Wani magidanci daga Injamena)

Amsa: Alhaji, ƙwaya ɗaya da aka tofar ba abin tayar da hankali ba ce, wadda aka haɗiye ma yawanci takan fita da bayan gida. In ya haɗiye da yawa ko ya fara ciwon ciki, a kai shi a duba. Abin da ya fi damunmu shi ne wanda haƙori ba ya ji. Ƙwayoyin da ke cikin harsashin farauta galibi na dalma ne, in suka bugi ƙashi sukan farfashe su bar ɓurɓushi a hanyar da suka bi. Dalma taruwa take a jiki, kuma ta fi yi wa ƙwaƙwalwar ƙananan yara da ɗan tayi illa.

Bayan figa a ɗaga tsuntsun a haske a ƙirga hudojin. Kowace huda a bi ta da tsinin wuƙa, za a tarar da gashin da ƙwayar ta tura ciki, sau da yawa ita ma tana ƙarshensa. A yanke naman da ya yi baƙin jini kewaye da hanyar, kamar faɗin yatsa, a yar. A yi wannan kafin tsami ya taɓa naman, domin lemon tsami da tsamiya da yakuwa suna narkar da dalma ta bi romo. Ƙundu ma a buɗe a duba, agwagin ruwa kan haɗiye ƙwayoyin da suka faɗa taɓo. Gidan da ake cin naman harbi kowane mako, yara ƙanana da masu juna biyu a ba su ɓangaren da harsashi bai taɓa ba, ko a yanka musu na gida.

Tambaya: Ana kawo mana agwagin ruwa da araha, babu rauni ko ɗaya a jikinsu, mai sayarwa ya ce da raga ya kama. Haka ma jan baki, ƙananan tsuntsayen nan masu cin hatsi, soyayye. Mu saya? (Wata mai sayar da abinci daga Kuseri)

Amsa: Hajiya, kamun raga gaskiya ne, da ita ake kama jan baki a kewayen tafkin Chadi ana kai shi kasuwannin Injamena. Amma tsuntsun raga da ransa ake samunsa a yanka, za ki ga yankan ya yi jini, naman ya tsane. Wanda aka yi wa yankan bayan ya mutu, wurin yankan a bushe yake, naman ya yi duhu da jini. Akwai masu barbaɗa maganin ƙwari, irin su Furadan, a kan shinkafa a bakin fadama. Buɗe jakar wuyan guda ɗaya a gaban mai kayan: in kika ga tsaba gauraye da ƙananan ƙwayoyi masu launin shunayya, ko kumfa a baki, ko warin magani, ki mayar masa da kayansa duka. Jan baki kuma ki tambayi inda aka kamo shi, don akan yi masa feshin guba a makwancinsa saboda ɓarnar gonaki, wanda aka tsinto bayan feshi ba abinci ba ne. Suya ba ta raba shi da gubar.

Tsuntsun da aka tarar matacce ko yana layi, ko ba guba, kada a taɓa shi da hannu. A 2006 an tabbatar da murar tsuntsaye a jikin agwagi a Marwa. Dahuwa sosai tana kashe ƙwayar cutar, hatsarin yana wurin mai figa da mai fasa ciki.

Tambaya: In na harbi tsuntsu na tarar ya riga ya cika kafin in yanka, ya halatta? Yara kuma suna kawo kurciyoyin da suka buga da danƙo. (Wani manomi daga Gidar)

Amsa: Malam, abin da malaman Malikiyya na baya-bayan nan suka tafi a kai shi ne, in ka yi niyya ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, harsashin ya huda ya fitar da jini, ka je ba tare da sakaci ba ka tarar ya mutu, ana ci. In ka same shi da sauran rai sosai, sai ka yanka. Wanda dutsen danƙo ya buge ya mutu ba huda, bugagge ne, ba a ci sai in an riske shi da rai an yanka. Wanda ya faɗa ruwa aka rasa gane harbin ne ya kashe shi ko nutsewa, a bar shi. Sauran rassan mas'alar a kai wa malamin unguwa. Ka kuma tuna ba kowane tsuntsu ake ɗaga wa bindiga ba: dokar Kamaru ta kasa namun daji aji uku, gauraka da jimina suna cikin waɗanda aka hana taɓawa, farauta da bindiga sai da takardar izini, a cikin gandun Waza ko Binuwai ko Faro kuwa babu ita sam.

Tambaya: Yaya ake gasa kurciya da fakara ba su bushe ba, kuma yaya zan adana in sun yi yawa, tun da wutar lantarki ba ta zama? (Wani mai tsire daga Ngaundare)

Amsa: Ɗan'uwa, kai da wuta ba a koya maka, sai dai wannan naman ba shi da kitsen da zai kare kansa. Tsaga ta baya ka baje shi, ka danna ƙirjin da tafin hannu ya kwanta. Shafa gishiri da man gyaɗa, ka fara ɗora gefen ƙashi a kan garwashin da ya yi farin toka, tazarar taƙi guda. Kashi biyu cikin uku na lokacin a gefen ƙashi ake yinsa, kana shafa mai duk juyi. Kurciya minti goma zuwa sha biyu, hasbiya sha biyar, fakara ashirin zuwa ashirin da biyar. Garin ƙuli da yaji sai minti uku na ƙarshe, in ka sa tun farko ƙonewa zai yi ya yi ɗaci. Ka sauke ka rufe a takarda minti biyar kafin ka yanka.

Na ajiya kuwa, firjin da ke narkewa yana sake daskarewa ya fi rashinsa hatsari, gara banda. Baje tsuntsun kamar na gashi, ka goga gishiri babban cokali ɗaya da rabi ga kowane kilo, ka bar shi awa biyu ya tsane. Ɗora a kan waya kamu biyu sama da wuta. Awa ɗaya ta farko da zafi sosai don ya dahu har ƙashi, sannan ka rage wuta ka bar hayaƙi awa shida zuwa takwas, washegari ka maimaita, har sai ka lanƙwasa cinya ka ji ta ƙage babu danshi a gaɓa. A gaɓar cinya da ƙarƙashin fiffike tsutsa ke farawa, don haka ka tsaga wuraren tun farko. Kada ka yi hayaƙi da itacen da aka yi wa fenti ko da tumfafiya. Ajiya a kwando inda iska ke ratsawa, ban da leda, duk kwana uku a mayar kan wuta awa ɗaya. Ƙirjin manyan tsuntsaye kuma ana iya yanka shi siri-siri kamar igiya, a sa gishiri, a shanya a iskar hunturu ƙarƙashin gidan sauro kwana uku zuwa huɗu, irin sharmut ɗin mutanen Chadi, in za a yi miya a daka shi a turmi a soya da albasa.